Kafin ranar Termin ɗinka (ranar da ofis ya ba ka ka je) a Jamus, koyi faɗin gabanka na faɗuwa

Wallahi na gaji da raka sababbin zuwa ofishin baƙi, Ausländerbehörde, ina kallonsu suna gyaɗa wa ma'aikaciya kai "ja, ja" (eh, eh) alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga ba, sai mun fito a kama min riga, "Yaya, me ta ce?" Alhamdulillahi 'yan uwanmu na nan akwai zumunci, mutum zai bar aikinsa ya raka ka ko sisi bai karɓa ba, amma kullum ba za a samu ɗan rakiya ba.

Gaisuwa da sayen tikitin jirgin ƙasa da Jamusanci, sati biyu ka iya. Anmeldung ma, rajistar adireshi da ake so ka yi cikin kwana 14, in mai gida ya ba ka takardarsa shikenan.

Inda ake jin jiki takardar zama ce. Mu mun taso a kan namiji ba ya nuna tsoro, to Bajamushe in ka yi shiru ɗauka yake ka gane, sai kawai ya miƙo maka biro. Buɗe baki ka ce "Entschuldigung, ich bin nervös. Können Sie bitte langsamer sprechen?", wato a yi haƙuri gabana na faɗuwa, a ɗan rage gudun magana. Sie fa, ita ce "ku" ta girmamawa, kar ka kuskura ka ce wa ma'aikaci du, wato "kai", ba abokin wasanka ba ne. "Ich habe Angst" ta fi nauyi, tsoro ne na gaske irin kare ya biyo ka, ajiye ta sai inda ta dace. "Ich bin aufgeregt" kuma tana ɗaukar fargaba da zumuɗi duka biyu.

Wannan aufgeregt ɗin ce ta kunyata ni. Zuwana na farko na haddace ta tun a bas, ina zama gaban ma'aikaciyar gumi na keto min cikin jaket, bakina ya ce "ich bin erregt", ashe maganar sha'awa na yi wa baiwar Allah. Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce "Sie meinen aufgeregt", wato aufgeregt kake nufi. Kunya ta hana ni sake tambayar komai, na karɓi takarda na fito ina murna na samu zama, sai a gida wani dattijonmu ya duba ya ce "Ɗan nan, wannan Fiktionsbescheinigung ce, ta wucin gadi, kana da sauran komawa."