Ban ruwa a lokacin zafi

'Yan'uwa masu lambu a gida, shuka da yawa da ke lalacewa da zafi ba rashin ruwa ne matsalarta ba, yadda ake ba ta ne. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, inda ƙasa ke saurin bushewa. Gara a shayar da ita sosai da sassafe, a gindi, ruwan ya nutse. Kafin ka ɗauko bokiti, tura yatsa cikin ƙasa kamar santimita 5. In da danshi, bari sai gobe. Yaushin ganye da tsakar rana ba lallai ƙishi ba ne, duba shi da yamma tukuna.

Sai a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, kaurin santimita 5 zuwa 8, amma kada ta taɓa kara, tana jawo ruɓa. A ganina wannan ya fi komai rage wahala, har ciyayi yake dannewa.

Shukar tukunya kuwa a leƙa ta safe da yamma. Tumatir kan zubar da fure in zafi ya haura digiri 32, a yi masa 'yar inuwa da rana. Kada a sa wa shuka taki tana cikin ƙishi.