Yadda ake shirya suturar zuwa tseren dawaki na Royal Ascot, da inda ake kallonsa a talabijin

Mai niyyar zuwa Royal Ascot ya fara yanke shawarar sashen da zai shiga kafin ya je wurin tela, domin tikitin ne ke faɗa masa abin da zai saka, daga hula har safa. Filin yana gundumar Berkshire a Ingila, kimanin mil 6 daga fadar Windsor, kuma Sarauniya Anne ce ta kafa shi a 1711. Ana yin taron kwana 5 a watan Yuni, daga Talata zuwa Asabar, tsere 7 kowace rana. A bakin ƙofofi akwai ma'aikatan da ke duba suturar masu shiga, kuma suna tsayar da mutum a kan abin da zai ɗauka ƙarami ne.

Sassan huɗu ne. Royal Enclosure ya fi tsanani, ba a kuma sayar da tikitinsa ga kowa: sai mamba ko baƙon mamba, kuma sabon mamba sai tsofaffin mambobi sun tsaya masa. Queen Anne shi ne babban sashen da kowa zai iya saye. Village an buɗe shi a 2017, yana aiki daga Alhamis zuwa Asabar. Windsor ba shi da doka mai tsauri, ana dai son a yi shiga ta mutunci, kuma ba a yarda da rigar ƙungiyar ƙwallo ba.

A Royal Enclosure namiji zai saka kwat mai jela, baƙa ko ruwan toka, ko shuɗiya mai duhu wadda aka yarda da ita tun 2021. A ƙarƙashinta falmaran da nektai na ɗauri mai tsawo, ban da mai kama da malam-buɗe-littafi. Sai baƙin takalmi, da safa mai rufe idon sawu, dokar da aka ƙara a 2018 bayan samari sun yi yayin zuwa ba safa. A kai kuma doguwar malafa baƙa ko ruwan toka, wadda ba a ɗaura mata ƙyalle mai launi ko wani ado. Ana iya cire ta a ɗakin cin abinci ko a keɓaɓɓen ɗakin kallo, amma a fili tana nan a kai. Wannan salon ya samo asali ne daga farkon ƙarni na 19, lokacin da Beau Brummell, abokin yarima mai jiran gado, ya sa manyan Landan suka koma ga kaya marasa hayaniya masu kyan ɗinki.

Yawancin maza hayar waɗannan kaya suke yi, kuma hakan ya fi hankali ga mai zuwa sau ɗaya. A kama haya tun watan Afrilu, don watan Yuni lokacin bukukuwan aure ne a Ingila, kayan suna ƙarewa. Malafar ce ke ba da wahala. A zagaya kai da tef ɗin awo ta tsakiyar goshi, sama da kunne kaɗan: santimita 57 lamba 7 ce a awon Ingila, 58 kuma 7 da ɗaya bisa takwas, 59 ita ce 7 da kwata. Malafar tauri gare ta, ba ta buɗewa kamar hular zare. Idan ta matse, kafin la'asar ciwon kai ya kama mutum, idan kuma ta yi yawa iska ta ɗauke ta. A Queen Anne sauƙi ake samu: kwat da wando na yadi ɗaya da launi ɗaya, riga mai kwala, nektai, da safa.

Dokar mata ta fi yawan awo. A Royal Enclosure riga ko siket ta tsaya dab da gwiwa ko ta wuce. Hannun riga a kafaɗa kada faɗinsa ya gaza inci 1, wato santimita 2.5. Ba a yarda da ɗinkin da ya zame daga kafaɗa ba, ko wanda ya bar ciki a waje, ko da an rufa masa 'yar kwat a sama. A faɗa wa tela wannan tun wajen yanka, musamman idan leshi ne, domin yawancin ɗinkunan biki na yanzu faɗin wuya gare su. Malafa dole ce. Idan adon kai ne ba cikakkiyar malafa ba, gindinsa ya kai inci 4, wato santimita 10. Ƙaramin adon gashin tsuntsu da ake maƙalawa a gashi an hana shi a wannan sashe tun 2012, amma yana shiga Queen Anne. Kwat da wando na mata sun samu shiga tun 1971, riga haɗe da wando kuma a 2017.

Abin da ya fi shafar mutanenmu shi ne dokar ta ba baƙi daga ƙasashen waje damar saka cikakkun kayan ƙasarsu na alfarma, har a Royal Enclosure. Babbar riga ta dace da wannan wuri sosai, sharaɗin kawai ta zama cikakkiya: babbar riga da 'yar ciki da wando na shadda ɗaya, da hula, zanna ko dara, da rufaffen takalmi da safa. Kaftani shi kaɗai ko silifa suna jawo tambaya a ƙofa, haka ma gauraya, a saka kwat a ɗora hular zanna. Mace kuma riga da zani da ɗaurin ɗankwali ko gwaggwaro da mayafi, duka su yi kama da shigar babban biki. Ana fitar da kundin dokar sutura sabo kowace shekara kafin taron, saboda haka a karanta na shekarar, a aika wa ofishin filin hoton kayan ta imel, a ajiye amsarsu a waya don nunawa a ƙofa.

Shadda tana da nata matsaloli a can. A kai ta wurin bugu a gida kafin tafiya, a naɗe ta da takarda tsakanin ninki, a sa ta a saman akwati. Masu wankin zamani na Landan tururi suke sa wa kaya, shi kuwa tururi yana kashe ƙyallin bugu. Ruwan sama ma yana barin tabo a kan shadda mai sitaci, kuma Yunin Ingila ba shi da tabbas, don haka a tafi da laima. A zaɓi aiki mara nauyi. Riga mai aska takwas da cikakken aiki a ƙirji kyakkyawa ce, amma za a yini da ita a kafaɗa awa 6 ko 7, yawanci a tsaye.

Talabijin ta sauya yadda ake kallon duk wannan. BBC ta yi shekaru da dama tana nuna taron ba tare da talla ba, tana kuma da masu sharhin sutura da ba sa tauna magana. Shekararta ta ƙarshe ita ce 2012, shekarar da dokin nan Frankel ya ci tseren buɗe taro da tazarar tsawon doki 11. Channel 4 ta karɓa daga 2013 zuwa 2016, ita ce ta nuna ranar da goɗiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, Estimate, ta ci kofin zinare a 2013, karo na farko da mai riƙe da sarauta ya ci shi. Tun 2017 ITV ke nunawa, kuma ta ba sutura fili mai yawa: masu gabatarwa suna yawo cikin jama'a suna tsayar da masu kyan shiga. Sky Sports Racing, tashar biya, ta fi karkata ga dawakin kansu. A 2020 annobar korona ta sa aka yi tseren babu 'yan kallo, mutane suka yi ado a gida suna saka hotuna a intanet.

Wanda ya zo da babbar riga ya sa rai kyamara za ta nemo shi. Yadi mai siraran ratsi kusa da kusa, kamar wani saƙi, yana rawa a allon talabijin. Farar shadda mai tsananin ƙyalli kuma tana haske a rana har aikin ya ɓace. Shuɗi, ruwan ƙasa, ko ruwan goro sun fi fitowa. Mace ta karkata malafa yadda inuwarta ba za ta rufe ido ba. Wanda ba ya son a ɗauke shi ya gaya musu cikin ladabi, za su wuce.

Mai kallo daga gida yana da sa'a wajen lokaci. A watan Yuni agogon Ingila daidai yake da na Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi. Ayarin sarki a kekunan doki, al'adar da Sarki George na Huɗu ya fara a 1825, yana shigowa ƙarfe 2 na rana, tseren farko kuma 2:30. A Ghana a rage awa 1, a Sudan a ƙara awa 1. Manhajar ITVX ta tashar ITV a cikin Birtaniya take aiki, don haka na waje ya duba tashoshin wasanni na tauraron ɗan'adam, ko shafukan filin a intanet inda ake saka gajerun bidiyo bayan kowane tsere. Ranar Alhamis ce ta kofin zinare, wanda aka fara a 1807, mai nisan mil 2 da rabi, kuma a ranar malafun mata suka fi girma.

A ranar tafiya, jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ta Landan yana ɗaukar kusan awa 1, daga tashar Ascot zuwa fili kuma tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna, mai ɗan hawa. Yawancin wurin ciyawa ne, takalmi mai tsinin dunduniya nutsewa yake yi, don haka a sayi 'yan robobin da ake sa wa dunduniyar ko a zaɓi mai faɗi. Caca da giya suna ko'ina a filin, amma babu wanda ke tilasta wa kowa: da'irar da ake zagayawa da dawaki kafin tsere ta ishi mai son doki kallo. Azahar tana shiga wajen ƙarfe 1, sai a fito da alwala a yi salla kafin ayarin sarki, domin daga ƙarfe 2 samun wurin da babu cunkoso yana da wuya.