Yadda ake raba mota mai gudu da karkarwar birki

Da zarar sitiyari ya fara rawa in an taka birki, sai ka ji an ce faifan birki ya lanƙwashe, a sayo sabo. Bayan 'yan watanni sabon ma ya koma gidan jiya. Galibi ba lanƙwasa ba ce. Fad, wato abin da ke matse faifai in an taka birki, shi ne ya bar shafensa a fuskar faifan, nan da kauri can babu, ko kuma faifan bai zauna daidai a mazauninsa ba.

Fara da gano ɓangaren: in sitiyari ke rawa, gaba ne, in a kujera ka fi ji, duba baya. Cire faifan, kankare tsatsar mazauninsa har ƙarfe ya fito fes, ka mayar ka auna da agogon awo. Karkacewar da ta wuce kimanin milimita 0.05 za ta dawo maka da matsalar. Notin taya a ɗaure shi da sifana mai awo, a tsallake-tsallake, ba da bindigar iska ba.

Kada ka sa fad ɗin tsere a motar da kake shiga gari da ita. Ba ya kamawa sosai sai ya ɗau zafi, ga ƙara, ga cin faifai, ga tsada. Na seramik ba ya ƙura sosai, amma a wurina mai haɗin ƙarfe ya fi shi jure gudu.

Inda sababbin shiga ke faɗuwa shi ne gasa fad, wato a sa sabon fad ya ɗau zafi har ya shimfiɗa shafensa daidai a fuskar faifai. Sami hanya mara cunkoso, ka kai kilomita 100 a awa, ka taka da ƙarfi har gudun ya sauko kusan 15, ka sake hanzari. Yi haka sau 8 zuwa 10 a jere. Kada ka tsaya cak! In ka tsaya ƙafarka na kan birki alhali faifai ya yi zafi, fad zai buga hatiminsa a wuri guda, karkarwar ke nan ka dasa da kanka. Ɗan wari ko hayaƙi kaɗan ba komai ba ne. Ci gaba da tafiya kamar minti 10 ba ka taɓa birki sosai ba, har ya huce, kuma kada ka ja birkin hannu yana da zafi.

In karkarwar ba ta yi nisa ba, sake gasawa kan share ta, ka huta da sayen faifai. In ta ƙi, a fere shi, muddin bai gaza kaurin da aka rubuta a jikinsa ba. Man birki kuwa DOT 4 ko 5.1, a canza duk shekara 2.