Darasin cike giɓi a makarantun ƙauye: inda ake yawan kuskure

Kuskuren da ya fi kashe darasin cike giɓi, wato ƙarin darasin da ake yi wa yaran da aka bari a baya a karatu, shi ne ajiye shi sai an tashi daga makaranta. Hedimasta zai ga 'yan aji biyar ba sa iya haɗa baƙi da wasali, sai ya sa musu lesin ƙarfe biyu na rana. To a wannan lokacin yaron ƙauye ba shi da ikon kansa. Wannan zai kora awaki, waccan za ta ɗauki talla, da la'asar ga Islamiyya, na ruga kuma ga yunwa ga doguwar tafiya. Waɗanda suka fi buƙatar taimakon su ne farkon tafiya. Ko a Amurka, wani nazari na 2020 da ya tattara gwaje-gwaje 96 ya nuna darasin da ake yi cikin lokacin makaranta ya fi na bayan tashi amfani. Saboda haka a saka shi cikin jadawali, da safe kafin a fita tara, kullum idan da hali, ko aƙalla sau uku a mako.

Wani kuskuren kuma shi ne tara yara bisa ajinsu. A aji huɗu guda akwai mai karanta labari, akwai wanda bai san baƙaƙe ba. Darasi ɗaya ba zai ɗauke su tare ba. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wadda aka fara gwadawa a Borno a 2018, ita ce a zauna da kowane yaro shi kaɗai a ji karatunsa: baƙi yake ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari. Daga nan a raba su rukuni-rukuni ba tare da duba aji ba. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya ci gaba a matsar da shi. Wannan sake gwajin ne ake mantawa, yaro ya shekara a rukunin baƙaƙe alhali ya wuce wurin.

Kada a mai da darasin maimaicin littafin Turanci na aji. Yaron da Hausa yake ji a gida, da Hausa zai fi saurin kama karatu.

Malamin rukuni kuma kada a riƙa canza shi. Yaron da ke jin kunyar gazawarsa sai ya saba da mutum yake buɗe baki. Idan malamai sun yi kaɗan, kwamitin kula da makaranta ya nemo masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune a garin, a horar da su, a yanka musu ɗan alawus, domin ɗan sa-kai da ba a ba shi komai damina na faɗuwa zai koma gona.