Yadda Ake Adana Tarihin Marigayiya Mai Girki da Aikin Hannu

A ƙauyukan Kano da Jigawa, matar da ta shahara da girki da aikin hannu ba ta cika barin rubutu ba, domin iliminta yana hannunta ne da kuma bakin matan da suka zauna da ita. Saboda haka wanda yake son tarihinta ya ɗore sai ya fara aikin da wuri, tun tsararrakinta suna raye.

Mataki na farko shi ne neman izinin magada. Ƙoren da ta yi wa zane, da faya-fayan da ta saƙa, da kwanukan jerenta, da mazarin kaɗinta, duk sun zama kayan gado, kuma bai halatta kowa ya ɗauke ko da ludayi ba kafin a raba. Abin da za a roƙa shi ne a bari a fito da su tsakar gida da hantsi, a jera a inuwa a kan tabarma, a ɗauki hoton kowanne da waya.

Na biyu, a je wurin matan da suka san ta, bayan zaman makoki ya watse. A fara da aminiyarta da ƙannenta, amma kada a tsallake kishiya, domin wadda suka yi shekaru suna karɓa-karɓar girki ta fi kowa sanin sirrin tukunyarta. Tambaya mai faɗi ba ta haifar da komai sai “Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce.” Gara a miƙa wa tsohuwa faifai a ce, “Gwaggo, wa ya koya wa Inna wannan saƙar, kuma da me take rina kabar?” A nemi yardarta kafin a naɗi muryarta. Idan ba ta riƙe shekara ba, a tambaye ta abin da ya faru a lokacin: zuwan naira da kwabo 1973 ne, canjin kuɗi na mulkin soja 1984, ƙirƙiro Jihar Jigawa kuwa 1991.

Na uku shi ne girkin, kuma a nan ne aikin yake da wuya, tun da marigayiya ba ta taɓa awo da cokali ba. A samu wadda ta fi kwaikwayon hannunta ta yi girkin a gaban mai rubutu, duk abin da ta ɗebo da tafin hannu a tare shi a juye a gwangwanin madara a auna kafin ya shiga tukunya. A ɗanwake, a lura da yawan kuka da ruwan kanwa, domin su ne suke bambanta na wannan gida da na wancan. A daddawa, a rubuta tsawon dahuwar kalwa, da yadda ake surfe ta a wanke a sake dafawa, da kwanakin da ake rufe ta har ta yi, da irin warin da yake nuna lokacin kirɓawa ya yi. Ni a ganina, alamomin nan na ido da hanci sun fi awon muhimmanci, don haka a rubuta su da kalmomin matan, ba tare da gyara ba. Daga nan a ɗanɗana wa tsofaffin, a yi ta gyarawa har su ce ya yi.

Na huɗu, kowace magajiya ta kula da rabonta. Ƙwarya da faifai a rataye su nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina, zanen saƙi kuma a ninke a adaka da kafur.

Na ƙarshe, a koyar. Hadisi ya tabbatar da cewa aikin mamaci yana yankewa sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. A tara jikoki da ’yan matan maƙwabta bayan kaka, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi kuma hatsi yake a rumbu, a koya musu saƙar da girkin, abin da aka dafa kuma a kai wa almajirai da maƙwabta sadaka da niyyar ladan ya isa gare ta. Littafin da aka rubuta a yi masa kwafi biyu ko uku, a ajiye a gidaje daban-daban.