Yadda Ake Haɗa Jin Gajiya da Bugun Zuciya Wajen Auna Atisaye

Masu gudun asuba a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sun sha tambayata yadda mutum zai gane ko atisayensa ya yi yawa. Ga matakan:

1. Da farkawarka, kafin ka sauko daga gado, ka ƙirga bugun jininka a wuyan hannu na minti ɗaya. Kada ka yi amfani da babban yatsa, domin yana da nasa bugun.

2. Ka rubuta adadin a littafi.

3. Ka duba agogo lokacin fara gudu.

4. Da zarar ka tsaya, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15, sannan ka ninka sau 4.

5. Bayan kimanin minti 30, ka ba wahalar da ka sha maki daga 0 zuwa 10, inda 10 ke nufin iyakar ƙarfinka. A nan ake yawan kuskure: matasa kan rage makin don kada abokai su ce sun yi laushi, alhali littafin naka ne kai kaɗai.

6. Ka ninka makin da mintocin gudun. Minti 40 mai maki 6 ya zama 240.

7. Ka tara jimillar makon a kowace Juma'a, ka kwatanta da ta makon jiya.

8. Idan nisan bai canja ba, amma maki da bugun safiya sun hau kwanaki a jere, ka rage aiki ko ka huta. Zafin Afrilu kaɗai yana ɗaga bugun zuciya, saboda haka a lokacin ka fi ba makin muhimmanci.

9. Idan ka ji jiri ko ciwon ƙirji, ka tsaya nan take ka ga likita.