Yadda ake wasa wuƙar injin sassaƙa ƙarfe

'Yan'uwa masu koyon aiki sun yi ta tambayata wannan. Ina magana ne kan wuƙar HSS, wato ƙarfe mai tauri da ke jure zafi; ta kabayid, wadda ta fi ta tauri, koren dutsen wasa take buƙata.

1. Sanya tabarau na kariya.
2. Matso da majinginin wuƙa kusa da dutsen injin wasa, kada ratar ta wuce milimita 3.
3. Kunna injin wasan, ka koma gefe ya yi minti 1 yana juyawa.
4. Wasa gefen wuƙar, ka karkata ta kamar digiri 10.
5. Wasa gabanta da digiri 8.

Hattara a nan! Kada ka danna da ƙarfi. Riƙa tsoma ta a ruwa tun tana da ɗumi. Idan ka bari ta yi jau sannan ka tsoma, bakin zai tsattsage.

6. Wasa samanta: digiri 12 zuwa 15 ga ƙarfe mai laushi. Ga farar tagulla kuwa, bar shi a shafe, in ba haka ba wuƙar za ta cafki aikin, wato abin da ake sassaƙawa.
7. Ɗan dakushe tsinin kaɗan. Nan gaggawa ke cin yara.
8. Goge bakin da dutsen mai.
9. Ɗaura ta a injin sassaƙa, tsininta daidai tsakiyar aikin.
10. Gwada a guntun ƙarfe.